Ƙumba da Dafin Ƙarafa a Mahaɗar Kogi da Teku

Kowane kogi yana da inda ya nufa. Waɗansu sukan ƙare cikin tafki, kamar yadda ruwan Haɗeja da na Jama'are ke bin Komadugu Yobe zuwa Tafkin Chadi, amma manyan kogunan duniya mafi yawansu teku suke faɗawa. Wurin nan da ruwan daɗi na kogi ke gamuwa da ruwan gishiri na teku, shi za a riƙa kira mahaɗa cikin wannan takarda. Wanda bai taɓa zuwa ba ya iya zaton wuri ne mai ƙugi da manyan igiyoyin ruwa. Galibi kuwa fili ne shimfiɗaɗɗe mai laka, wanda teku ke cikowa ta rufe shi sau biyu tsakanin dare da rana, sa'an nan ta janye ta bar shi a buɗe.

Ruwan kogi, tun ba da damina ba, ɗauke yake da ƙurar ƙasa mai laushi, ita ce ke sa shi ya yi ja. Ƙarafan da suka narke cikin ruwa, irin su jan ƙarfe, da dalma, da tutiya, da azurfa, da zaiba, sukan manne wa ƙwayoyin wannan ƙura. Muddin kogi na gudu, tafe suke tare. Amma da ruwan ya iso mahaɗa, gudunsa ya ragu, gishiri kuma ya taɓa shi, sai ƙwayoyin su dunƙule su yi nauyi su kwanta, kamar yadda alif ke sa dauɗar ruwan randa ta kwanta. Saboda haka lakar mahaɗa ta zama rumbun abin da aka zubar cikin kogi tun daga tudu. A cikin wannan laka kuwa ƙumba take zaune.

Zaman ƙumba da cinta

Mazauna bakin Kwara da Binuwai sun san ƙumba, watau dabbar nan mai ɓawo biyu da ke kwance cikin yashi, wadda yara ke tsintar ɓawonta da rani in ruwa ya janye. Tana da dangi masu yawa cikin mahaɗun duniya, waɗansu ba su fi farcen babban yatsa ba, waɗansu sun kai tafin hannu. Takan haƙa ta nutse cikin laka, ta miƙo bututu biyu zuwa sama. Da ɗaya take zuƙo ruwa ta tace abincinta daga ciki, da ɗayan take fesar da ragowar. Waɗansu iri ma sukan lanƙwasa bututun su riƙa sharar saman lakar suna haɗiyewa. Ta haka ƙarfe ke shigarta ta hanya biyu, ta ruwan da take numfashi da shi, da ta abincin da take ci.

In ruwa ya ɓaci kifi yakan yi gaba, tsuntsu yakan tashi. Ƙumba ba ta da wannan dama. Iyakar dabararta ta rufe ɓawonta ta yi lamo, amma muddin tana rufe ba ta cin kome, ba ta kuwa iya daɗewa a haka. Tilas ta buɗe, ta sha abin da ta tarar.

Ba kowane ƙarfe ne dafi ba tun daga fari. Jan ƙarfe da tutiya jiki na bukatarsu ɗan kaɗan, kamar gishiri a miya, sai in sun yi yawa suke ɓarna. Zaiba da dalma da azurfa, da wani ƙarfe da ake kira kadmiyam, ba su da wani amfani ga jikinta ko kaɗan. Allah ya hore mata wata kāriya: akwai wani sinadari cikin namanta mai kama ƙarfe ya ɗaure shi, kuma takan dunƙule waɗansu ƙarafan su zama 'yan tsakuwoyi ƙanana da ido ba ya gani, ta ajiye su gefe. Sai dai ma'ajin nan yana da iyaka. Ran da abin da ke shigowa ya fi ƙarfin abin da ake ɗaurewa, sai ragowar ta bazu cikin jiki ta soma ta'adi.

Abin da ya zama wahala ga ƙumba shi ya zama amfani ga masana. In aka ɗebi ruwa aka auna, labarin sa'ar nan kaɗai zai bayar, gama watakila da tsakar dare aka saki dauɗar, kafin gari ya waye ta wuce. Naman ƙumba kuwa yana riƙe da labarin watanni. Ita ce magatakardar laka, ba ta tashi daga ofis, ba ta kuma karɓar toshi. Shi ya sa tun shekarar 1976 aka soma wani shiri a Amurka na tattara danginta daga gāɓar teku wuri-wuri ana auna ƙarafan jikinsu.

Kafin a ci gaba, ya kamata mai karatu ya riƙe ma'aunin da ake aiki da shi, watau kashi cikin miliyan. A kwatanta da buhu goma na gero, kowane buhu kilo ɗari. In aka zuba giram ɗaya na ƙarfe cikinsu duka, an sami kashi 1 cikin miliyan ke nan. Busasshen naman ƙumba ake aunawa da wannan ma'auni. Abin ya yi kama da ƙanƙane, amma da yayyafi kogi kan cika.

Abin da aka gani a Palo Alto

A yammacin Amurka, cikin jihar Kalifoniya, akwai wata babbar mahaɗa da ake kira Mashigin San Faransisko. Kogin Sakramento da na San Joaquin ke zuba cikinta daga arewa. A ƙuryarta ta kudu akwai garin Palo Alto, wanda ke da ma'aikatar tace ƙazamin ruwan gari da na masana'antu kafin a sake shi cikin mashigin. Kimanin kilomita ɗaya daga bakin bututun ma'aikatar akwai wani filin laka mai wata ƙaramar ƙumba da masana suka sani da suna Macoma balthica. Daga baya an gyara sunan ta wannan wuri zuwa Macoma petalum, amma dabbar ita ce dai.

Tun cikin shekarun 1970 ma'aikatan hukumar binciken ƙasa ta Amurka, a ƙarƙashin wani masani mai suna Samuel Luoma, suka riƙa zuwa filin nan in teku ta janye, kusan kowane wata. Sukan tono ƙumba, su ajiye ta kwana biyu cikin ruwa mai tsabta don ta fitar da lakar cikinta, sa'an nan su busar da naman su auna. A 1978 matsakaicin azurfar da suka samu cikin naman kashi 106 ne cikin miliyan. A 1980 jan ƙarfe ya kai kashi 287. Azurfar nan ta fito ne daga sana'o'in gari, musamman wankin hoto, domin azurfar da ke jikin fim takan fita cikin ruwan da ake wanke shi da shi. Mutum yakan sa zoben azurfa shekara da shekaru ba ta cuce shi ba, amma narkakkiyar azurfa cikin ruwan gishiri tana cikin mafiya dafi ga ƙananan dabbobin ruwa.

Wanda ya je filin a shekarun nan ba zai ga wani abin tashin hankali ba. Babu tarin matattun kifi, babu wari na daban, ƙumba tana nan cikin lakarta, in an taɓa ta ta rufe ɓawo. Sai da aka yanka naman siriri aka duba shi ƙarƙashin madubin ƙara girma aka gane inda ciwon yake. Daga tsakiyar shekarun 1970 zuwa tsakiyar shekarun 1980 mafi yawan ƙumbar wurin ba ta yin ƙwai, mazan kuma ba sa yin iri, ko da lokacin haihuwarsu ya zo. Tana raye, amma ta zama juya. Abin da ya sa ba ta ƙare ƙaf ba shi ne, 'ya'yan ƙumba sukan yi kwanaki suna yawo cikin ruwa kafin su sauka su nutse, don haka teku takan kawo waɗansu daga wuraren da ba su ɓaci ba. Misalinta kamar ƙauyen da aka daina haihuwa cikinsa, amma baƙi na ta sauka. Mai ƙidaya zai rubuta yawan mutane bai ragu ba, alhali kuwa ƙauyen ya mutu a tsaye.

Wannan shi ne babban darasin al'amarin. Dafin ƙarfe ɗan kaɗan ba kasafai yake kashewa nan take ba. Gwaje-gwaje a wurare da yawa sun nuna ƙumbar da ta sha jan ƙarfe takan yi nawa wajen nutsewa cikin laka, tsuntsu da ƙaguwa su riske ta a fili. Takan rage cin abinci, girmanta ya tsaya, namanta ya rame. 'Ya'yanta masu yawo cikin ruwa sun fi manya rauni nesa ba kusa ba, abin da babba za ta jure shi ke kashe su. Duk waɗannan ba a ganinsu daga bakin gāɓa.

Gyara ya zo sannu a hankali. A 1972 Amurka ta yi dokar tsabtar ruwa, wadda ta ɗora wa garuruwa da masana'antu iyakar abin da za su saki. Aka inganta ma'aikatar Palo Alto, amma hukumar garin ba ta tsaya nan ba. Ta bi masu sana'a har wuraren aikinsu, ta sa su tare azurfa da jan ƙarfe tun kafin su shiga kwata, gama cire ƙarfe daga durum ɗaya na mai wankin hoto ya fi sauƙi bisa ga cire shi bayan ya gauraya da ruwan gari duka. Zuwa 1991 jan ƙarfen naman ƙumba ya sauka daga 287 zuwa 24. Zuwa 1998 azurfa ta sauka daga 106 zuwa ƙasa da 4. Da ƙarafan suka ragu sai ƙumba ta koma yin ƙwai, waɗansu ƙananan dabbobin laka da suka yi ƙaranci kuma suka dawo. A shekarar 2000 masanan suka buga lissafin shekara 23 na wannan fili.

A lura fa, da an zo sau ɗaya an auna an tafi, da ba a san kome ba. Da wani ya ce damina ce ta yi yawa, wani ya ce gishiri ne ya sāke. Doguwar rajistar nan ce, wata bayan wata, ta ba da ikon gwama abin da ma'aikata ta saki da abin da ƙumba ta haɗiya, har magana ta tsaya.

Laka ba ta mantuwa

Ba ko'ina ake samun sauƙi da wuri haka ba. A kudu maso yammacin Ingila akwai lardin Kwanwal, ƙasar kuza da jan ƙarfe, wadda waɗansu ma'aikatanta suka zo har Jos aikin kuza a zamanin Turawa. Wani ɗan kogi mai suna Carnon ya yi ɗaruruwan shekaru yana kwaso ruwan ramukan haƙa yana zubawa cikin wani lungun mahaɗa da ake kira Restronguet. Jan ƙarfen lakar wurin ya haura kashi 2,000 cikin miliyan. Dangin ƙumba sun yi ƙaranci ƙwarai a can, kawar da ke kusa kuma an daɗe da saninta da koren nama saboda jan ƙarfe. Wata tsutsar laka ce ta saba da dafin har ta yaɗu. Ramin Wheal Jane, wanda aka rufe a 1991, ya cika da ruwa bayan an tsai da famfunansa, a watan Janairu na 1992 ya ɓalle ya saki kimanin lita miliyan 50 na ruwa mai tsami da ƙarafa, har mahaɗar ta rine ta yi ja. Watau rufe ramin haƙa bai rufe maganarsa ba.

Haka nan a Mashigin San Faransisko ɗin. An tsinci zinariya a Kalifoniya a 1848, masu nema suka riƙa kama ta da zaiba, suna rushe tuddai da ƙarfin ruwa, har kotu ta hana zubar da ƙasar cikin koguna a 1884. Zaibar zamanin nan tana cikin lakar mashigin har yanzu, hukuma kuma na gargaɗin mutane, tun ba mata masu ciki da yara ba, su taƙaita cin waɗansu kifayen wurin.

Daga ƙumba zuwa akushi

Ƙumba abincin waɗansu ce, saboda haka abin da ta tara ba ya tsayawa gare ta. A 1986 aka fara ganin wata baƙuwar ƙumba daga Asiya a arewacin mashigin nan, wadda ake kyautata zaton jiragen ruwa suka kawo ta cikin ruwan da suke ɗauka don daidaita nauyi. Ta yaɗu ta rufe ƙasan ruwa. Ita kuwa tana da halin riƙe wani sinadari mai suna seleniyam, wanda ke fitowa daga matatun mai da ruwan gonakin rani, ba ta sakinsa da sauri. Manyan kifaye da agwagin ruwa masu nutso suka koma cinta, sinadarin ya taru cikin jikinsu. Yawansa kan sa a ƙyanƙyashe 'ya'yan kifi da na tsuntsu da nakasa.

Mafi munin labari a Japan ya faru. A garin Minamata kamfanin Chisso ya riƙa sakin ruwa mai zaiba cikin mashigin garin daga 1932 zuwa 1968. Zaibar irin wadda ke shiga nama ce ta manne, kifi da ƙumba da kawa suka tara ta. Kyanwoyin masunta ne suka fara nunawa, suna tangaɗi suna faɗawa teku, tsuntsaye kuma na faɗowa daga sama. A ranar 1 ga Mayu 1956 likita ya kai wa hukumar lafiya rahoton wata cuta mai taɓa ƙwaƙwalwa, hannu da ƙafa su mace, gani ya ƙuntata, magana ta harɗe. A 1958 kamfanin ya karkatar da bututunsa zuwa bakin kogin Minamata, ba da daɗewa ba sai ga cutar ta ɓulla cikin mutanen wannan gefe. An haifi jarirai da ita alhali iyayensu mata ba su ji wani ciwo mai tsanani ba. Sai a 1968 gwamnati ta tabbatar a hukumance cewa daga kamfanin dafin ya fito, shekara 12 bayan rahoton farko. Waɗanda aka amince sun kamu sun haura 2,200, dubbai kuma suka karɓi diyya daga baya. An kashe shekarun 1977 zuwa 1990 ana kwashe lakar ana binnewa, ragar da aka tare kifin mashigin da ita kuma ba a cire ta ba sai 1997. Da sunan garin aka yi yarjejeniyar duniya ta taƙaita zaiba a 2013, Nijeriya tana cikin waɗanda suka sa hannu.

Wajibi ne a sani dafuwa ba ta kashe ƙarfe. Wuta takan kashe ƙwayar cuta mai rai, amma zaiba da dalma ba su da ran da za a kashe, ko an soya ko an ƙyafe suna nan. Jiƙa ƙumba kwana ɗaya ko biyu cikin ruwa mai kyau yakan fitar da yashin cikinta, amma abin da ya riga ya shiga nama sai ya yi makonni ko watanni kafin ya ragu.

Inda maganar ta shafi hakimai

Wani zai ce ina ruwan ƙasar da ba ta da teku da wannan batu. Ai kogin Zamfara cikin Gulbin Sakkwato yake zuba, shi kuma cikin Kwara. Kogin Kaduna ma Kwara yake faɗawa. Gongola na shiga Binuwai. Su biyu su haɗu a Lakwaja su gangara zuwa mahaɗun kudu. Can akwai wata babbar ƙumba mai suna Galatea paradoxa, wadda mutane ke ci suna kuma sayarwa a kogin Kuros, kamar yadda take abin sana'ar mutanen Ada a bakin kogin Volta na Gana. Amma kada a yi zaton dauɗar duka can take tafiya. Mafi yawan ƙarfen da aka zubar yakan kwanta kusa, cikin lakar ƙorama da fadama da bayan madatsun ruwa irin Kainji, don haka talakawan wurin su ke fara ɗanɗanawa. A 2010 dalmar da ke cikin dutsen zinariya ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan ƙasar Anka da Bukkuyum, sa'ad da ake niƙa dutsen cikin gidaje. Masu wankin zinariya kuma da zaiba suke kama ta, kamar mutanen Kalifoniya na dā.

Abin da hakimi ke iya yi shi ne abin da ya ceci filin Palo Alto, watau sanin mafari da riƙe rajista. Ya kamata malamin hakimi ya rubuta, bisa ga bayanin dagatai, kowane wuri da ake wankin zinariya, ko fasa tsohon batirin mota, ko jima da sinadarin kanti, da sunan ƙoramar da ruwan wurin ke bi, da nisansa da mashaya. In Sarkin Ruwa ya kawo maganar ƙumba ta ɓace daga inda aka saba samunta, ko kuwa sai manya ake gani babu ƙanana, a rubuta ranar da wurin, kada a jira sai an ga mushe, gama ruwa ba ya tsami banza. A aika da kwafin rahoton ga sashen lafiya na ƙaramar hukuma da ma'aikatar muhalli ta jiha, su kuma suna da hanyar kaiwa ga hukumar NESREA ta tarayya, wadda aka kafa a 2007.

In ma'aikatan suka nemi a ɗebo musu ƙumba don awo, a ɗebo masu girma ɗaya, daga wuri ɗaya, cikin wata ɗaya na kowace shekara, a haɗa da waɗansu daga saman kogi inda dauɗar ba ta kai ba domin gwamawa. Kada a tono su da tsatsattsen ƙarfe, kada kuma a zuba su cikin gwangwani ko bokitin kwano, sai cikin leda mai tsabta, a sa takarda mai sunan wurin da kwanan wata, a kai da sanyinsu a ranar.